Kawun da Ya Cire Gola Muna Kan Gaba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na unguwar Mahjar, kansa a kan cinyar matarsa, wadda mu 'ya'yan dangi muke kira Inna. Kafin la'asar an sallace shi an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma duk duniya babu wanda na zalunta kamar shi.

Aka jera kujeru a lungu na kwana uku, yadda ake yi a nan Jidda, mu masu karɓar gaisuwa a layi ɗaya, masu zuwa a ɗaya layin. Jama'a sun zo, ba zan yi ƙarya ba. 'Yan dakon tashar jirgin ruwa sun zo, masu sayar da ruwa da ya yi shekaru yana ɗinka wa salka sun zo, abokan aikina na unguwar masana'antu sun zo da fenti a farcensu, har daga unguwar Sharafiyya an yi ayari. Kowa ya dafa kafaɗata ya ce "Azzamallahu ajrakum," tsofaffinmu kuma su ce "Ya haƙuri?" ina amsawa kamar wanda aka ɗaura wa baki a kan kalma ɗaya. Ranar farko ta wuce lafiya.

Rana ta biyu bayan la'asar, wani tsohon direban lori ya kurɓi gahawa, ya ajiye finjali, ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya jiƙan mudarrib," in ji shi, wato mai horar da 'yan wasa. "Mutumin kirki ne, wallahi. Amma fa canjin nan..."

"Ya shaikh, bari mana," in ji wanzamin unguwa da ke gefensa. "Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

"Ni me na ce? Cewa na yi muna da ɗaya, ba su da ko ɗaya. Wa yake cire gola a haka?"

"To ya cire, halas. Amma ka cire ka sa ɗan mai burodi, ga dogon ɗan Sudan zaune a benci? A nan ne ni ban yafe ba."

Kafin mai zuba gahawa ya zagayo, maganar ta bi layin kujeru har ƙarshen lungu, ƙasa-ƙasa, kowa yana kare baki da hannu. Shekara goma sha biyu ke nan da yin wasan. An haifi yara a tsakani har sun fara azumi, an yi kwalta inda filin yake, amma mutanen nan sun zo gaisuwar mutuwa da gardamarsu a aljihu. Ina zaune ina jin su, ni ne kuwa golan da aka cire.

Kafin in kai ga wasan, bari in faɗi wane ne Kawu, don kada 'ya'yana su tashi su tarar abin da ya rage daga gare shi canjin gola ne kawai.

Baduku ne. Rumfarsa ba ta fi a zauna mutum biyu ba, tana warin jima da man shanu, shi kuma yana zaune a kan buzu da basilla a bayan kunne kamar yadda malamai ke maƙala alƙalami. Takalma yake ɗinkawa da salkunan ruwa, sai wata rana samarin unguwa suka kawo masa ƙwallon fata da ta farke. Ya juya ta, ya warware ɗinkin gaba ɗaya don ya ga yadda Nasara ya haɗa ta, ya mayar, ya shafe ta da kitse. Daga ɗinkin ƙwallo ya fara zuwa ya ga ko ɗinkinsa zai riƙe, daga kallo ya fara gyara wa mutane tsayuwa, kafin a ankara ya zama shi ne mudarrib, ba wanda ya naɗa shi. Bai taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa ba. In aka tsokane shi da haka sai ya ce shi ma bai taɓa zama salka ba, amma ya san inda take yoyo.

Goro yana da tsada a ƙasar nan, saboda haka ɗaya yake saye ya raba huɗu da wuƙar aiki, ya ci kashi ɗaya bayan kowace salla, asuba da azahar da la'asar, na huɗun ya ajiye wa duk wanda ya fara shigowa rumfa da ɓacin rai. Ba ya zama in ana wasa. Tsugune yake yi a bakin layi yana zane a ƙasa da basilla, wanda ba mai gane shi sai shi. Filinmu ƙasar gishiri ce, in ka faɗi sai ta ɗaye maka fata, don haka ya ɗinka mini matashin gwiwa da ragowar fatar akuya. Abin da ya fi nanata mini shi ne, "Kar ka kalli ƙwallo, Gola, ƙwallo ba ta da niyya. Kalli ƙugun mai bugawa." In kuwa aka kawo masa ƙara, ko ta aure ce ko ta faɗa, tambayarsa ta farko ita ce ko mai ƙarar ya ci abinci.

Yana da faɗa, kar a ce na wanke shi tas. Ya taɓa korar ɗan wasanmu mafi gudu saboda ya zagi alƙalin wasa ta uwa, ya kuma ƙi maido shi ko da limamin unguwa ya sa baki. In ya ce "halas," to ko gardamar ba ta ƙare ba, shi ya gama.

Gola yake kirana, a gida da waje, kuma akwai dalili. Mun taso daga ƙasar Hausa ni da mahaifiyata da niyyar Hajji, muka yi shekara biyu a hanya ta Sudan. Ta sauke farali, ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Na rage a hannun Kawu ba ni da ko guntuwar takarda, a daidai lokacin da hukuma ta fara matsa wa baƙi a kan iƙama, takardar izinin zama. Wata huɗu kafin zuwanmu Kawu ya binne ɗansa na fari, sa'ana, wanda zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana uku. Sunan yaron yana nan a takardar Kawu, ba hoto, kuma bai je ya sa an soke ba. Sai ya ɗora ni a gurbin. Ya sayar da rumfarsa ta cikin gari, ya dawo Mahjar inda ba a san shi ba, ya gaya wa maƙwabta ga ɗansa.

A kan wannan ne suka yi faɗan da ya fi kowane girma shi da Inna. Ina jinta daga tsakar gida tana cewa an hana ɗanta ya mutu kamar kowa, an tono sunansa an yafa wa wani. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wancan yana hannun Allah, wannan yana hannuna." Ta yi sati ba ta yi masa magana ba, amma ko a satin ba ta rage mini tuwo ba.

Kun san al'adarmu, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari saboda kunya. Haka na tashi da sunan da duk unguwa ke kira, ban da mutum biyun da suka raɗa shi. Mutane suka ɗauka alkunya ce, har suna yaba musu riƙon al'ada a ƙasar Larabawa. Sunana na yanka kuwa ba a sake furta shi ba. Kawu ya ce mini Gola tun ranar da ya jefo mini lemo na cafe, Inna kuma ta tsaya a kan "kai wannan," da shi ta aike ni kasuwa, da shi ta kai ni ɗakin aure.

To, wasan. Kowace shekara in kakar wasa ta zo ƙarshe, ƙungiyarmu ta Mahjar da ta Sharafiyya kan kara sau uku a kan wani kofin gwangwani da wani attajiri ya saya. Su 'yan cikin gari ne, suna da riguna iri ɗaya da takalma masu ƙusa, suna ce mana 'yan karantina saboda asibitin killace alhazai da ke kusa da mu. Shekara biyar suna ɗaukar kofin. A shekarar da nake magana mun ci na farko, sun ci na biyu, na uku ya faɗo a filinmu ranar Juma'a bayan la'asar. Gasar unguwa ce, sunaye kawai ake rubutawa a littafi, ba a tambayar takardar kowa, sai fa in ƙungiyar da aka ci ta shigar da ƙorafi a kan wani ɗan wasa. In ta shigar, to dole ya kawo iƙamarsa gaban kwamiti, kuma a kwamitin akwai ma'aikacin ofishin fasfo.

Ban taɓa tsaron gida kamar na ranar ba. Ina da shekara ashirin da biyu, jikina kamar roba. Muka jefa musu ɗaya tun da wuri, suka taso mana ba ji ba gani, ni kuwa duk abin da suka aiko sai in tare. Aka ba su fanareti dab da hutun rabin lokaci. Na kalli ƙugun mai bugawa, na faɗi hagu, ƙwallo ta zauna a ƙirjina. Fili ya ɗauka. Mutanen da ke kan rufin motoci da kan katanga suka shiga kiran sunana haɗe da na Kawu, wane ɗan wane, wane ɗan wane, ana buga galan. Har mata daga saman soraye suna guɗa. Na ɗaga hannu ina karɓa, ban ko tuna cewa sunan ba nawa ba ne.

Da aka tafi hutu, muna shan ruwa, na hango wani dattijo mai jan rawani daga ɓangaren Sharafiyya ya ja Kawu gefe. Ba su fi minti biyu ba. Kawu ya dawo, ya tsuguna, ya goge zanen da ya yi a ƙasa da tafin hannu.

"Gola, cire rigar. Ba wa ɗan mai burodi."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake yi.

"Kawu, lafiyata ƙalau."

"Na sani. Cire."

Muna da gola biyu a benci. Akwai dogon ɗan Sudan, Bahaushe ne da ya ƙetaro daga can bai daɗe ba, hannunsa kamar faranti, kowa ya san shi ne na biyu a bayana. Akwai kuma ɗan mai burodi, haifaffen Jidda, gajere, mai kirki, wanda muke ajiye da shi saboda babansa yana ba mu burodi bayan atisaye. Kyaftin ɗinmu ya durƙusa yana roƙo, ya ce in ma cirewar ce to a sa dogon. Kawu ya ce halas.

Uku suka zura masa. Ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta biyu ta wuce saman kansa, ta uku ban gani ba don na rufe fuska da riga. Yaron yana kuka yana tsaron gida. Da aka tashi, 'yan Sharafiyya suka ɗauki kofinsu suka zagaya filinmu da shi, mutanenmu kuwa suka yi wa Kawu zobe. Wani ya jefe shi da takalmi, kuma ina kyautata zaton shi ya ɗinka takalmin. Ya sa ƙwallo a hammata ya nufi gida.

Ga abin da na daɗe ina haɗiyewa. Washegari na tafi gahawar bakin titi, inda maza ke zama a kan dogayen kujerun igiya suna shan shayi da shisha. Ana ta juya maganar, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce rana ce ta buge shi. Aka juyo gare ni, aka ce kai ɗansa ne, me ka gani? Na ce na ga mai jan rawani ya ja shi gefe, sun yi ƙus-ƙus, ya dawo ya cire ni. Na ce, "Sayar da mu ya yi." Daga bakina kalmar ta fara fita, ba daga bakin wani ba. Da wani ne ya faɗa da an ce haushi ne, amma tunda ɗan gida ne ya shafa masa kashin kaji, sai ya zauna.

Na kwashe kayana na koma ɗakin gwauraye kusa da tasha. Ƙungiya ta sallami Kawu ba tare da an ko aika masa ba. Masu salka da yawa suka canza baduku. A masallaci sai sahu ya ɗan buɗe a gefensa. Yara suka samo masa waƙa, suna bin bayansa da ita in ya fito sayen goro. Aka ce buhun shinkafa aka ba shi, aka ce a'a, alkawarin rumfa aka yi masa a Sharafiyya, kuma da aka ga shekaru sun wuce bai koma ko'ina ba, sai aka ce ai cutarsa suka yi, Allah ya ƙara.

Gardamar kuwa ta zama abincin gahawar nan. Masu cewa laifin cire ni ne suna da kujerarsu, masu cewa laifin ƙin sa dogon ne suna da tasu, akwai ma wani tela da ya dage cewa da an ja mutum ɗaya baya an tsare gida da ɗan mai burodin ma ya isa. Ana jera finjalai a kan tire a matsayin 'yan wasa, ana tura ƙwallon dabino a tsakaninsu. Dogon ɗan Sudan ya zama ɗan lele, golan da aka hana shiga, kullum akwai mai saya masa shayi don ya faɗi yadda da zai tare ta biyun. Ni ma na sha shayin banza a kan mutuncin Kawu, shekara huɗu cur.

Inna ce ta kawo ƙarshen abin. Lokacin da na tashi neman aure, dole aka nemi waliyyi, dole na taka gidan. Kawu ba ya nan. Na gaishe ta, ta amsa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Kai wannan, ka san mai jan rawanin nan?"

Na ce ban san shi ba, sai dai na san abin da ya saya.

"Maƙwabcinmu ne a cikin gari. Shi ya yi wa ɗana wanka, shi ya sa shi a likkafani. Ya yi shekaru a Madina, satin wasan nan ya dawo." Ta watsar da tsakuwa. "Ya ji fili yana kiran sunan yaron da ya wanke da hannunsa. Ya ce wa kawunka in ka koma raga bayan hutu, za su shigar da ƙorafi, kuma shi zai tsaya shaida. Ni ma ina saman soro ranar. Ni da ban taɓa kiran sunan nan ba, na ji shi a bakin duk gari."

Ba sai an yi mini bayani ba: da an kai takardar gaban kwamiti, ni jirgi za a sa ni zuwa ƙasar da ban san kowa ba a cikinta, Kawu kuma gidan yari.

Na same shi a rumfa yana huda tafin takalmi. Na durƙusa, na ma rasa ta inda zan fara, sai kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya miƙo mini kashi na huɗu na goronsa.

"Ka ci abinci?"

Na ce Kawu, yau ɗin nan zan je gahawa in faɗa musu gaskiya.

"Ka faɗa wa mutum arba'in cewa takardarka ta mamaci ce? Ashe har yanzu ƙwallo kake kallo." Ya ja zare da haƙori. "Zagi ba ya sa mutum a jirgi, Gola. Bar su."

Na ce to na ji, amma me ya hana ka sa dogon? Da shi ne a raga da wataƙila mun riƙe ɗayan nan.

"Kai kana da takardar aro. Shi ko ta aron ba shi da ita, a kwale-kwale ya shigo. In ya tsare gida muka ci, a kansa ƙorafin zai koma. Ɗan mai burodi ne kaɗai za a bincika a ga ba komai." Ya ɗago ya dube ni. "Wannan kuma ko Innarka ba ta sani ba. In na ji shi a waje, ban yafe ba."

Na yi biyayya, kuma ba zan ɓoye ba, biyayyar ta yi mini daɗi. Na yi aure, na samu aiki a masana'antar fenti, na haifi uku, duka a kan sunan taubashina da ke kabari. Na daina zuwa gahawa, na ce wa kaina hakan ma wani abu ne. Shekara takwas ina wucewa ina jin ana jera finjalai, ina sunkuyar da kai. Kawu ya tsufa a rumfar da ba mai shiga sai mu. Idonsa ya yi rauni har ya koma lalubar ramin basilla da yatsa. Ranar Juma'a yakan kunna rediyo ya saurari wasan manyan ƙungiyoyi shi kaɗai, in aka yi canji sai ya gyaɗa kai ko ya yi tsaki, ba mai tambayarsa dalili. A ciwonsa na ƙarshe na sake roƙonsa ya bar ni in yi magana. Ya ce in gyara masa matashi.

Rana ta uku ta zaman makoki aka dafa shinkafa da wake irin na mutanen Hijaz, aka shimfiɗa tabarmi a lungu bayan la'asar. Ina raba faranti sai ga mai jan rawani, an riƙo shi, ya tsufa ƙwarai, rawanin ma ya koɗe. Ya kama hannuna da nasa biyu ya ce marigayi mutumin kirki ne, maƙwabci ne na gari. Aka ba shi wuri, ya zauna, ya sa hannu a shinkafar Kawu. A can gefe direban lori ya riga ya fara: ɗaya da babu, wa ke cire gola.

Ban shirya ba. Na ajiye farantin na miƙe, na ce jama'a ku saurara. Na ce ni ba ɗan marigayi ba ne, ɗan ƙanwarsa ne. Na ce sunan da kuke kirana da shi na wani yaro ne da ya rasu kafin in zo ƙasar nan, ga wanda ya wanke shi nan zaune yana cin abinci, ku tambaye shi abin da ya faɗa wa Kawu a hutun rabin lokaci. Na ce ba buhun shinkafa, ba rumfa, ni ne abin da aka saya, kuma ni ne na fara cewa ya sayar da ku. Na san abin da na yi: na ɗora wuyana da na 'ya'yana a hannun mutum fiye da arba'in, kuma tun ranar ba na jin an ƙwanƙwasa ƙofa gabana bai faɗi ba.

Mai jan rawani ya cire hannu daga faranti, ya dube ni da idanunsa masu ruwa-ruwa.

"Ya waladi, wallahi da ba zan kai ƙara ba. Barazana ce kawai. Wasa ne, kowa yana neman nasara. Ni na zaci zai yi gardama."

Wasu suka shiga salati. Wanzami ya share hawaye da gefen mayafinsa, ya ce Allah ya yafe mana, mun ci naman bawan Allah. Direban lori ya daɗe yana kallon ƙasa yana juya carbi. Na ɗauka shi ke nan, na wanke Kawu, ko da a makare.

Sai direban ya ɗago.

"La haula. To cirewar mun gane, Allah ya saka masa. Amma tsakani da Allah, ya jama'a, tunda dole ce ta sa ya cire, me ya hana shi sa dogon? Ga shi nan zaune, ku tambaye shi. Da shi ne, ta biyun nan ba ta shiga."

"Sahih," in ji tela. "A nan kam ya yi kuskure."

Duk aka juya ga dogon. Yana zaune a ƙarshen tabarma, furfura ta fara fito masa, ɗansa ƙarami a kan cinyarsa. Gadi yake yi a wani sito, 'ya'yansa biyar, kuma har yau in motar 'yan sanda ta shigo unguwa ta bayan gida yake fita. Bai ɗago ba. Ya ƙura wa shinkafar ido, hannunsa mai kamar faranti yana kan kafaɗar yaron. A nan na gane ya sani, tun ranar wasan ya sani, ya kuma sha shayin shekara goma sha biyu a kai. Raina ya yi baƙi ƙirin, amsar tana kan harshena, kalma biyar ce ko shida. Ya ɗago ido sau ɗaya ya dube ni.

"Kai fa, Gola?" in ji direban. "Kai ka fi kowa sanin raga. Ba kuskure ba ne?"

Daga bayan labulen ƙofa na ji Inna tana kiran a zo a ɗauki shayi. Na sunkuya na ɗauki farantin da na ajiye.

"Kuskure ne," na ce.

Takardar nan da nake rubutawa a akwatina za ta zauna, ƙarƙashin matashin gwiwar da ya ɗinka mini, har ranar da ba za ta cuci kowa ba. Ban sa sunan kowa ba, kuma wanda ya karanta ya san dalili. Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da ɗansa da zai kira shi Baba da gaskiya, ya yafe mini abin da bakina ya jawo masa. A gahawar bakin titi yanzu an daina cewa ya sayar da wasa. Cewa ake yi mutumin kirki ne, ya ceci ɗan ƙanwarsa, sai dai bai iya canjin gola ba. In na wuce suka ce ko ba haka ba, Gola, sai in ce haka ne.